Shinkafar Bayan La'asar

Kwanan baya 'yar wata ƙawata da ta gama jami'a ta same ni a kicin ina gyaran tattasai, ta jingina da firji ta ce, "Anti Rabi, ni ma catering ɗin nan zan fara. Ai easy ne, tunda na iya jollof." Na dube ta, na dubi faratanta da aka yi wa fenti kala uku, na ce to madalla, Allah ya ba da sa'a. Ba ita kaɗai ba ce. Duk wanda ya taɓa dafa wa abokansa shida abinci suka suɗe faranti, gani yake ya gama da girkin taro. Shi ya sa na ce bari in zauna in faɗa muku yadda sana'ar take tun ina iya tunawa. Wanda ya ji zai iya, bismilla, ga fili.

Daɗin abinci shi ne ƙaramin abu a wannan aiki. Kowace mace a unguwarmu ta Lozells, nan Birmingham, tana da miyar da za ka ci kunnenka ya yi motsi. Abin da ake ɗaukar ki dominsa shi ne mutum ɗari biyu su ci a lokaci guda, da zafinsa, a daidai sa'ar da aka ce, kuma na ƙarshen layi ya samu nama kamar na farko. Wannan kuwa ba a koyonsa a waya.

Ni a hannun Mama Saratu na koya, a Levenshulme, lokacin muna zaune a Manchester maigidana yana karatu. A wani shago a Stockport Road muka haɗu. Ina tsaye ina jujjuya wata doya da ta bushe kamar itace, ina ƙunƙuni da Hausa, sai na ji an ce a bayana, "Ajiye ta, 'yata, wannan tun kafin a haife ki take hanya." Na waiwaya na ga wata mata gajera, kakkaura, da ɗaurin ɗankwali irin na matan zumuntar coci. 'Yar kudancin Kaduna ce, matar tsohon soja, ta yi zaman bariki daga Zariya har Maiduguri, Hausarta ta fi tawa gishiri. Ita ke dafa wa coci-coci da masu biki abinci a duk yankin. Kafin mu fita daga shagon ta ɗauke ni aiki.

Aikina na farko da ita bikin godiyar kaka ne a cocinsu. Na je da sabuwar atamfa ina zaton muciya za a miƙa min. Buhun albasa ta nuna min da ƙafa. Na yi watanni ban taɓa ludayi ba, daga yankan albasa sai wankin shinkafa sai kankare gindin tukunya. In na yi fuska sai ta ce, "Kuka kike, ko albasa ce?" Sai daga baya na gane tana so ne idona ya saba da yawa. Hannun da ya saba da gishirin mutum biyar rawa yake in aka ce ya zuba na mutum ɗari.

Ma'auninta wani tsohon gwangwanin biskit ne, kuma ba ta taɓa rubuta komai ba. Ta koya min sauraron tukunya: shinkafa tana da ƙarar da take yi in da sauran ruwa, tana da wadda take yi in ta tsotse, kuma tsakanin tsotsewa da ƙonewa bai fi ka je ka amsa waya ba. Ta koya min kason baƙo, wato komai yawan da mai taro ya faɗa, ki ƙara wani abu a kai, don mutanenmu ba sa zuwa su kaɗai. Namanta kullum na yankan Musulmi ne, saboda kowa ya ci hankalinsa kwance, kuma duk inda muka je aiki ita ke fara nema min lungun da zan yi salla. Yabo ne dai ba ta da shi. In na yi girki, cokali ɗaya take ɗanɗanawa ta ajiye. In ta yi shiru kin ci jarrabawa, in ta yi magana kin shiga uku.

Doka ɗaya ce ba ta wasa da ita. "Rabi," in ji ta, "ko gishiri ya zarce za a yafe miki. Amma ranar da mutane suka zauna suna kallon ƙofar kicin suna hamma, ranar sunanki ya mutu a garin nan." Na riƙe wannan magana da hannu biyu. Na yi shekaru ina sana'a ba a taɓa jiran abincina ba.

Da maigidana ya samu aiki a Birmingham muka tashi, Mama ta ba ni babbar tukunyarta, wadda muke kira Gwamna saboda sai mutum biyu ke ɗaga ta kuma ba ta shiga kowace mota. Har yau tana nan. Bayan ita, kayan aikina ba su da yawa: murhun gas mai ido biyu, kuloli manya na ajiye zafi, tandar masa da na sa aka kawo min daga Kano a cikin kayan wani ɗalibi, da wata tsohuwar motar ɗaukar kaya da ba ta tashi sai an lallashe ta. Ku da kuke ganin hoto ba ku san ƙullun masa ba ya tashi a sanyin ƙasar nan sai an naɗe shi da bargo an kwantar da shi kusa da hita kamar jariri ba. Ba ku san ƙararrawar hayaƙi ta taɓa tara min 'yan kwana-kwana ina tsakiyar suyar kaji ba, maƙwabta duk sun fito da rigunan barci. Ga kuma duba-garin council, wato ƙaramar hukuma, wata Baturiya da ta buɗe robar daddawata ta ja da baya har ta buge ƙofa, na yi ta rantse mata cewa haka warinta yake tun asali.

Su kuma masu ba da aiki, sai a hankali. Likita zai ce miki mutum hamsin, ya gayyaci duk asibitin. Akanta zai ce miki tamanin, ya tsaya a kanki yana ƙirga cinyoyin kaza. Sannan ga lokaci. A gida rana ba ta yi wa mutum wayo, magariba tana nan inda ka bar ta jiya. A nan kuwa lokutan salla yawo suke. Na yi masar buɗa baki da aka ci wajen ƙarfe tara da rabi rana ba ta daɗe da faɗuwa ba, na kuma yi wadda aka ci kafin ƙarfe huɗu. Don haka jadawalin masallaci a jikin firjina yake, da shi nake ɗora tukunya, har jikina ya saba ban ƙara lura ba.

Sai shekarar tsuke bakin aljihu ta zo mana. Gwamnati ta rage wa council kuɗi, council ta juyo kanmu. Akwai abincin rana da nake dafa wa tsofaffi a wani ɗakin taron unguwa a Ladywood, shi ne ginshiƙin aikina, aka soke shi da takarda ɗaya. Kicin ɗin da nake haya aka rufe, na koma dafuwa a rumfar bayan gida ina sanye da rigar sanyi biyu. Bukukuwa suka ƙanƙance, mai suna ya koma raba dabino da cincin. Matan da aka sallama daga aiki kuma rabinsu suka zama masu girkin taro dare ɗaya. Shi kansa ɗakin taron na Ladywood bai tsira ba, an rage wa mai kula da shi awanni, ranar Lahadi ƙarfe huɗu yake kullewa ko da sarki ne a ciki.

A wannan shekarar 'yan siyasa ne suka riƙe ni. Wata jam'iyya ta gida tana da reshe a nan, wanda ya haɗa Birmingham da Manchester, kuma duk taronsu ni ke dafawa. Ni ba 'yar jam'iyya ba ce, shinkafata ba ta da ɗan takara. To sai uwar jam'iyya ta ce reshen zai aika wakilai zuwa babban taron fidda gwani na shugaban ƙasa, kuma 'yan reshe ne za su jefa ƙuri'a su faɗi wanda wakilan za su mara wa baya. Nan fa aka rabu biyu. Yawancin manyan Birmingham, likitoci da injiniyoyi, suna bayan mutum ɗaya. Yawancin na Manchester, masu aikin kula da tsofaffi da direbobi da matan coci, suna bayan wani. Kowa ya san in an taru duka, Manchester ta ɗan fi yawa.

Rigimar ba a kan ɗan takara ta tsaya ba, a kan rana ta tsaya, kuma kada wani ya ce muku ɓangare ɗaya ne mai wayo. Na Manchester suka fara kawo ranar Juma'a da azahar, wai ranar ce ɗakin taro ya fi araha, alhali sun san rabin Birmingham na masallaci. Aka yi ca a kansu. Na Birmingham suka ce to Lahadi da safe, su ma sun san inda matan Levenshulme suke a lokacin. Aka ce Asabar, masu aikin kwana suka ce ba su yarda ba. Ina raba abinci ina jin su, taro bayan taro, har aka shiga Disamba, babban taron gida ya matso. Daga ƙarshe sakataren reshe, Injiniya Bashir, mutum mai sanyin murya da kyakkyawan gemu, ya miƙe ya ce a yi sulhu: Lahadi, bayan la'asar, a Ladywood. Masu coci sun tashi, masu salla sun yi. Aka tafa masa, aka aika wa kowa saƙo da wannan lafazin.

Ba wanda ya kai Mama Saratu murna. Ta yanki katin jam'iyya tun farkon shekara, ta sa shi a leda don kada ya jiƙe. Ta taɓa gaya min cewa a duk rayuwarta ba ta taɓa zaɓar wa ƙasarta shugaba ba. Sau ɗaya tana asibiti wajen haihuwa, sau ɗaya ta yi layi tun safe aka ce sunanta bai fito ba saboda an yi musu canjin bariki, sai soja suka karɓe, sai ta taho nan. "Zaɓen Turawa ina yi musu," in ji ta, "amma wannan kamar ka yi wa maƙwabci shara ne gidanka na nan da datti. Ko sau ɗaya dai in sa hannuna a na gida kafin a kira ni." A lokacin gwiwoyinta sun fara ba ta wahala, ta kusa saba'in.

Ana saura kwana kaɗan Injiniya Bashir ya zo ba ni aikin. Dafa-duka da kaza da zoɓo, na mutum sittin.

Na ce, "Sittin, Injiniya? Da mutanen Manchester fa? Ai in sun zo kun haura ɗari."

Ya ce, "Hajiya, ke dai yi sittin. Sanyin nan ba kowa zai fito ba, kuma budget ɗin ya yi ƙasa."

Wanda ya ba ka aiki a irin wannan shekara ba ka ja da shi. Na dai ƙudura zan zuba kason baƙo mai nauyi.

Ranar Asabar da rana na kira Mama. Ta ce sun yi hayar babbar mota, su wajen hamsin, daga coci za su ɗan taɓa abinci su kamo hanya. Ta ɗinka sabon zani. "Gobe da la'asar muna nan," in ji ta. "Ki ajiye min ƙanzo." Na ce, "Allah ya kai mu, Mama, sai la'asar ɗin." Muka ajiye waya kowa na murna, kalma ɗaya a bakinmu, ba wadda ta san ba abu ɗaya muke nufi ba.

Ranar Lahadi na shiga ɗan kicin ɗin ɗakin taron da wuri, na ɗora Gwamna. Kicin ɗin yana da taga mai buɗewa cikin zauren, ta nan ake miƙa abinci, ta nan kuma nake ganin komai. Kafin ƙarfe biyu aka shimfiɗa darduma aka yi la'asar, don a Disamba lokacinta ke nan a garin nan. Shugaban reshe, Dakta Lawal, wani dattijon likita da ya yi ritaya, wanda rigimar ta tsofar da shi fiye da aikin asibiti, ya tashi ya ce tunda ƙarfe huɗu za a kulle ɗakin, a fara jefa ƙuri'a yanzu, da zarar abinci ya fito an rufe akwati, a ƙirga ana ci. Kowa ya amince. Aka yi layi.

Na leƙa ta taga na ga 'yan Manchester kaɗan ne, Musulmin da suka zo da motocinsu. Babu ɗankwalin zumunta ko ɗaya. Na goge hannu na kira Mama. Tana ɗauka na ji waƙa na tashi a bayanta, mata na tafi.

"Mama, kuna ina?"

"Yanzu muka hau babbar hanyar M6. Lafiya?"

"An fa fara zaɓe."

"Wane zaɓe? Ƙarfe biyu yanzu ta wuce. Ai bayan la'asar aka ce."

"Mama, an yi la'asar."

Ta ce, "Da rana tsaka?"

A nan na gane. Duk wanda ya tashi a arewa, Musulmi ne ko Kirista, in ka ce masa la'asar, ƙarfe huɗu yake ji, lokacin da rana ta yi sanyi yara suka fito wasa. Mama ba ta da jadawalin masallaci a firjinta. La'asar ɗinta tana nan inda ta baro ta a Kaduna. Tawa ce ta bi ranar ƙasar nan tana yawo. Ban shiga zuciyar Injiniya ba, ba zan rantse a kan abin da ya nufa ba. Amma na tuna da sittin, kuma ni dai na san lissafin tukunya.

Mama ta ce, "Rabi, ki gaya musu muna hanya. Ki ce su jira mu." Waƙar da ke bayanta ta riga ta tsaya.

Na fita da ludayi a hannu na gaya wa Dakta Lawal a gaban kowa. Zauren ya kaure. Injiniya Bashir ya ɗaga waya sama ya ce, "Notice ɗin a fili yake, bayan la'asar. Ga timetable na masallaci. Ba mu muka sa rana ta faɗi da wuri ba." Wani direban tasi ɗan Manchester, wanda shi ma da shi aka yi sallar, ya taso masa: "Injiniya, tsakaninka da Allah, lokacin da ka rubuta, wace la'asar ka san za su karanta?" Injiniya ya ce shi ba a yi masa rantsuwa a kan constitution. Wasu suka ce a jira, wasu suka ce doka doka ce, wani ya ce ai su ma sun so yi mana na Juma'a. Dakta Lawal ya bari sai da suka gaji, sannan ya ce, "Ni abin da na faɗa kowa ya ji, kuma kun amince. In abinci ya fito, an rufe akwati. Ban ƙara ba, ban rage ba." Yana faɗa ya sauke tabarau ya dube ni, kallo ɗaya, ya mayar da kansa kan takardunsa.

Na koma kicin. Gwamna tana wannan ƙarar da na sani, ruwa ya tsotse, shinkafa ta nuna, kowace ƙwaya a tsaye. Abin da ya kamata shi ne in sauke in juye a kula. Na tsaya ina kallonta. Sannan na ɗebi ruwa a kofi na yayyafa mata, na rage wuta, na mayar da murfi.

Ba a jima ba Injiniya ya leƙo. "Hajiya, yaya dai?"

Na ɗaga murfi na nuna masa. "Ba ta tsotse ba, Injiniya. Ka gani da idonka."

Ya tafi. Da na ji ta fara wannan ƙarar kuma, na ƙara mata ruwa. Ya dawo, na ce gas ɗin ne ba shi da ƙarfi yau, sanyi ya kama tukunyar. Ya dawo na uku, wannan karon ba sanyin murya, ya ce shi bai taɓa ganin shinkafar da ta fi awa biyu a wuta ba. Na ce ni ma yau na fara gani.

Duk wanda ke zauren ya riga ya jefa ƙuri'arsa. Suka zauna, suka juyo da kujeru, suna kallon tagar kicin. Abin da Mama ta ce kada in taɓa bari ya faru, ga shi ina yin sa da hannuna. Ina jin wata matar likita tana cewa da ƙarfi don in ji, "Ashe haka take? Ni da zan ba ta bikin 'yata." Wallahi ya yi min ciwo. Na sake kiran Mama, ta ce sun tsaya cak, ana gyaran hanya, ga masu sayayyar Kirsimeti sun cika titi. Ta ce direba na iya ƙoƙarinsa. Ba ta tambaye ni komai ba, ni ma ban gaya mata abin da nake yi ba.

Hasken taga ya fara ja. Mai kula da ɗakin, wani dattijo ɗan asalin Jamaika da muka saba tun zamanin abincin tsofaffi, ya shigo yana kaɗa makullai. Na roƙe shi. Ya ce min da a da ne da ya ba mu har shida bai ji komai ba, amma yanzu in ya wuce huɗu ƙararrawar ginin da kanta take kai ƙararsa ofis, kuma shi kaɗai ya rage a cikin su uku da ke aikin. Ban ga laifinsa ba. Shi ma wuyansa a kan wuƙa yake.

Da lokaci ya ƙure, Injiniya ya kawo shawara a rufe akwati ko da abinci ko babu, masu goyon bayansa suka ɗaga hannu, kuma su ne da yawa a zauren. Dakta Lawal ya dubi agogo, ya dubi ƙofa, ya ce a rufe. Aka ƙirga a tsaye cikin gaggawa, ɗan takarar Birmingham ya ci. Ni kuma na zuba musu abinci a 'yan robobi a bakin ƙofa, da ƙaramin ludayi, hannuna a ɗage. Wasu suka buɗe suka ga yadda shinkafar ta koma, suka yatsine fuska. Fiye da rabin Gwamna na hana su, na ajiye wa masu hanya. Direban tasin nan ya kama min muka kai ta bayan motata, aka kulle ɗaki.

An yi magariba, fitilun titi sun kama, sannan motar Manchester ta shigo filin ajiye motoci. Suka sauko da katunansu a hannu, matan cikin anko, mazan da manyan riguna a kan rigunan sanyi. Suka tarar da ƙofa a kulle. Hayaniya ta tashi, wasu suka bi motar Injiniya da ke fita suna buga mata gilashi, wata mata ta zauna a kan dakalin ƙofa ta fashe da kuka. Mama Saratu ce ta sauko a ƙarshe, tana dafa ƙofar mota saboda gwiwa. Ba ta je wajen ƙofar ɗakin ba. Ta nufo ni kai tsaye, sabon zaninta yana ƙara, ta sa katin a jaka ta zuge.

Ta ɗaga murfin Gwamna. Tukunyarta ce, ta san inda shinkafar kowane yawa take tsayawa, ga kuma zoben da shinkafar ta bari a jikin tukunyar.

"Ta mutum nawa aka ce ki dafa?"

"Sittin, Mama."

Ta gyaɗa kai a hankali. "To," in ji ta.

Bari in faɗa muku abin da ya biyo baya kafin in ƙarasa. An rubuta ƙorafi zuwa gida, aka ce lokaci ya wuce, wakilai sun riga sun hau jirgi. Reshen ya dare biyu. Zagaye na gaba uwar jam'iyya ta ce ba za ta ƙara ba na ƙasar waje kujera ba. Ni kuma ba su sake kirana ba, bikin 'yar likita ma wata aka ba, na daɗe ana ce min mai shinkafar da ba ta nuna. Sai da na yi kamar sabuwar shiga kafin sunana ya dawo. Tun daga ranar in mai taro ya ce min da la'asar ko bayan azahar, sai na ce ƙarfe nawa, ya faɗa, in maimaita masa. Mama Saratu ta rasu bayan 'yan shekaru a Manchester, ni na yi girkin jana'izarta. Ba ta taɓa zaɓar wa ƙasarta shugaba ba.

A filin motocin nan dai, na buɗe bayan mota na fara zuba wa mutanen Manchester, don ko ba a bar su sun yi zaɓe ba, ba za su koma da yunwa ba. Suka ci a tsaye, tururi na fita daga bakinsu. Na zuba wa Mama nata na miƙa mata da cokali, ina jiran abin da na san zai zo. Ta kai cokali ɗaya baki, ta tauna.

"Ta caɓe," in ji ta. "Wannan ai tuwo ne. Ni na koya miki ƙara wa shinkafa ruwa bayan ta tsotse?"

"A'a, Mama."

"Kuma mutane na zaune suna jira?"

"Suna zaune."

Ta buɗe baki za ta ci gaba, sai ta tsaya. Ta dubi tukunyar, ta dubi ƙofar da aka kulle, ta dube ni.

"Tun yaushe ta nuna?"

"Tun da na kira ki na farko yau."

Ta daɗe tana kallona a ƙarƙashin fitilar titi. Sannan ta sunkuyar da kai ta cinye abin da ke robar tas, ta miƙo min.

"Ƙara min," in ji ta. "Ki haɗa da ƙanzon."

Duk tsawon zamana da ita, ranar ce kaɗai ta nemi ƙari a girkina.